Akushin da Ba a Buɗewa

Mutanen da wannan labari ya shafa su ne Maharazu, manomi a wani ƙauye da ke kusa da Dayi, da matarsa Sakinatu. Da Hussaini, taubashinsa kuma maƙwabcinsa. Da Malam Mahadi tela. Da Alhaji Almustapha, mai sayen hatsi a Funtuwa, wanda ke bin Maharazu bashi. Da kuma Baba Awaisu mai tufkar igiya, aminin marigayi Malam Abdussamad, mahaifin Maharazu. Shi marigayin sau ɗaya za a ji maganarsa, ita ma a cikin tunanin ɗansa.

* * *

An idar da sallar magariba, yayyafin da aka wuni ana yi ya ɗauke, ƙasa tana tashin ƙamshi. A ƙofar gidan Baba Awaisu, gindin darbejiya, an shimfiɗa tabarmar kaba, an jera kwanuka a tsakiyarta. Ciyayya ke nan kamar yadda aka gada a unguwar: kowane magidanci ya fito da tuwon gidansa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a sa hannu tare.

Hussaini ya kai loma daga kwanon Maharazu, ya tsaya yana juya ta a baki kamar mai nazarin wata babbar mas'ala.

"Malam Mahadi, ka shaida," in ji shi. "Yau ma a gidan taubashina an nuna wa miya daddawa daga nesa, an mai da ita ma'ajiya."

"Amma hannunka bai fita daga kwanon ba," in ji Maharazu.

"Taimako nake yi. In ka koma da saura, Sakinatu za ta ce mun raina ta."

Malam Mahadi ya yi dariya har ya ƙware, Baba Awaisu ya miƙa masa moɗar ruwa. Shi tsohon a hankali yake ci, ƙananan lomomi, yana dangwalar miya da gefe. Ba tare da an yi shawara ba, kowa ya san ya bar masa ɓangaren da miya ta fi taruwa.

Da aka suɗe kwanuka ukun, sai Baba Awaisu ya jawo nasa, wani baƙin akushi na itace, rufe da faifai. Ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"To, ku matso. Ga nawa."

"Haba Baba, so kake a kwashe mu a baro?" in ji Hussaini yana shafa ciki.

"Ni ko numfashi da ƙyar nake yi," in ji Malam Mahadi.

"A bar shi, Baba, ya yi ɗumame da safe," in ji Maharazu. Wannan ita ce tasa maganar, kullum a kansa take ƙarewa.

Tsohon ya girgiza kai. "Kullum haka kuke yi mini. 'Yan zamani, ba ku da ciki." Ya tura akushin bayansa.

Babu komai a cikin akushin, kuma babu wanda bai sani ba. A da, lokacin da auduga ke da daraja, zauren Baba Awaisu ba ya rabo da baƙi. A ƙofarsa ma aka fara ciyayyar. Daga baya jinyar matarsa ta cinye gonarsa, ta rasu, 'ya'yan da suka haifa kuwa babu wanda ya rayu. Ya koma tufkar igiyar rama, igiyar roba ta zo ta kashe masa kasuwa. Duk da haka bai taɓa miƙa hannu ba. An taɓa kai masa zakkar dawa, ya ɗauke ta a ka ya kai wa liman, ya ce a nemi mabuƙaci. A kan tabarmar nan kaɗai yake cin abincin wani, domin a nan shi ba abin tausayi ba ne, mai masauki ne da ya fito da nasa aka ƙi ci.

Ranar da Maharazu ya fara fita ciyayya a matsayin magidanci, mahaifinsa ya riƙo hannun rigarsa a zaure ya ce, "Akushin Awaisu ba a buɗe shi. Ranar da ka sa aka buɗe shi, ni ka tona wa asiri."

Maharazu ya riƙe wannan shekara da shekaru. Amma a wannan maraice tuwon bai yi masa daɗi ba, domin da azahar Alhaji Almustapha ya kira shi a waya.

* * *

Bashin falle ne. Bara Maharazu ya karɓi taki a hannun Alhaji, a kan zai biya da masara idan kaka ta yi, gwargwadon yadda Alhajin ya yanka. Tsutsa ta shiga gonar, abin da ya tsira kuma ya tarar da farashi a ƙasa. Ya biya abin da ya samu, sauran aka ɗaga shi zuwa bana tare da ƙari, aka kira shaidu a kan cewa gonar gadonsa ta bakin rafi ita ce jingina. A wayar, Alhaji ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, sannan ya ce shi ba ya matsa wa kowa, amma yana da kyau Maharazu ya riƙa kawo wani abu tun yanzu da masara ke tsada, domin abin da ya kai kaka bai ragu ba, ƙaruwa zai yi.

Da hantsi Maharazu ya tsuguna a bakin ɗakin ajiya, Sakinatu na riƙe da kwanon awo. A bayan ƙofa akwai wani buhu a tsaye, wanda yara suka laƙaba wa suna Alhaji, saboda kowace safiya shi ake fara zuba wa kafin a auna na gida. Duk abin da aka rage daga bakin mutane, cikinsa yake shiga. In ya cika, a kai shi kasuwar Dayi a sayar, a aika kuɗin Funtuwa.

Sun riga sun bi gidan lungu-lungu. Sukari ya bar koko. Nama ya koma na Juma'a, daga baya Juma'ar ma ta daina ganinsa. An jingine babur a zaure, Maharazu na zuwa gona a ƙasa. Sakinatu ta fita daga adashe, ta sayar da tunkiyarta, ta koyi yanka sabulu gida-gida tana ɓoyewa. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Ita ce ma ta kawo shawarar buhun.

"Me ya rage da ba mu taɓa ba?" ya tambaye ta.

"Babu. Sai dai kuɗin Laraba na makarantar yara."

"Ba wannan ba."

Idonsa na kan babban kwanon samira mai furanni da aka kife a kan randa ya sha iska. Kwanon waje ke nan. Shi ake fara cikawa, shi ake zuba wa man da ya rage, domin kada a ga gazawar gida a gaban maza. Sakinatu ta bi idonsa da kallo, ta ajiye kwanon awo.

"Malam, wannan ba namu ba ne."

"Daga rumbun wa yake fita?"

"Daga naka. Amma ka san bakin da yake shiga."

"Kwanuka uku ne, Sakina. In an cire ɗaya, saura biyu. Tsoho nawa yake ci? Ni in a gida zan ci, rabin wannan ya ishe ni. Sauran Hussaini ne ke kwashewa, yana zagin miyarki."

"Zagin nasa bai taɓa damuna ba."

"Gonar nan kakana ne ya sare dajinta. In ta tafi, me zan nuna wa yaran nan? Zuwa kaka ne kawai. Da na sauke nauyin mutumin nan, da kaza zan koma."

Ta ci gaba da tsince tsakuwa daga masarar. Can ta ce, "To me za ka ce musu? Ba ka fito da kwano ba, ba za ka iya zama ba."

Wannan ya riga ya kwana da shi. Ya ɗebi tafi biyu daga awon ranar, ya zuba a buhun bayan ƙofa. Ƙarar zubar ba ta kai ta komai ba.

* * *

Bayan sallar la'asar, a ƙofar masallaci, ya sanar da su. Ya ce ya je ɗakin shan magani, malamin asibiti ya ce gyambon ciki ne, olsa. An umarce shi ya riƙa ci tun rana ba ta faɗi ba, kuma ban da yaji.

"Olsa!" in ji Hussaini. "Ciwon ma'aikatan gwamnati? Kai da na gani kana cin ɗanyen rogo da barkono a gona? Yaushe aka ɗauke ka aiki ba mu ji ba?"

"Ciwo ba ya tambayar sana'a."

"Gaskiya ne. Allah ya sawwaƙe. Mu ma mun huta da miyar da ba ta san daddawa ba."

An yi dariya, amma Malam Mahadi bai yi ba. Ya dubi Maharazu, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba Awaisu kuwa ya matso, ya dafa kafaɗarsa, ya tambaye shi ta wane gefe yake jin zafin, da yunwa yake tashi ko da ƙoshi. Maharazu ya nuna ƙasan haƙarƙarinsa.

Washegari yana dawowa daga huɗa ya tarar da tsohon a zaurensa, ƙafafunsa duk caɓi har ƙauri, yana riƙe da ƙunshin leda.

"Sassaƙe ne. Itacen ya yi wuya yanzu, sai da na haye rafi na kai gindin dutse. A jiƙa shi ya kwana, ka sha da sassafe kafin ka sa komai a baki. Da shi na yi wa mahaifinka magani shekarar da muka je cin rani."

"Baba, da ƙafarka ka je har can?"

"To da ta wa zan je? Ka sha dai. Tabarma ta yi faɗi da ba ka nan."

Maharazu ya shiga da ƙunshin ya ajiye a kan taga, da nufin ya manta da shi. Da asuba ya tarar Sakinatu ta jiƙa, ta tace, ta ajiye masa a moɗa kusa da buta. Ya ɗauka ya shanye. Ɗacinsa ya wuni a maƙogwaronsa. Haka ta riƙa ajiye masa kowace safiya, haka ya riƙa sha, har sassaƙen ya daina ba da launi.

* * *

Gidan Maharazu na kallon gidan Baba Awaisu, hanya ce kawai a tsakani. Saboda haka bayan magariba yakan zauna a cikin zaurensa, bayan babur, inda ba a ganinsa amma yana jin komai. Ya gaya wa kansa cewa iska yake sha.

Ba a daɗe ba Malam Mahadi ma ya daina fitowa. Ɗinki ya tsaya tun bayan Sallah, shi ma kuma akwai takin wani a gonarsa. Ya aiko cewa cikinsa ya fara irin na Maharazu.

"Ashe ciwon nan yaɗuwa yake yi kamar ƙyanda," Maharazu ya ji Hussaini na faɗa. "Baba, ka matsa nesa da ƙofar taubashina, kada iskar gidan ta buge ka."

Saura kwano ɗaya da akushi. Hussaini ya fi su duka iyali, ya fi su ƙarancin gona, kuma kwanonsa kullum ƙara ƙanƙancewa yake yi. Amma bai fasa fitowa ba, bai fasa surutu ba. Surutun ma ƙaruwa ya yi, kamar mai son cike guraben mutum biyu da baki.

Wata ranar Alhamis, masara ta kai ƙugu, Maharazu ya ji surutun ya yanke a tsakiya.

"Hussaini."

"Na'am, Baba."

"Hannunka na zuwa baki babu komai a cikinsa."

"Wane ni! Ci nake yi kamar gara."

"Ido ne ya fara mutu mini, ba kunne ba. Tun da muka zauna ban ji ka haɗiya ba. Jiya ma haka, shekaranjiya ma haka."

Kwaɗi na ta kuka daga kududdufi. Maharazu ya riƙe ƙarfen babur da hannu biyu.

"Dama ina son in gaya maka," in ji tsohon, muryarsa a daidaice kamar mai ba da labarin kasuwa. "Ciwon nan nasu ni ma ya kama ni. Abincin dare ba ya zama mini lafiya. Daga gobe kada ka wahalar da iyali."

"Baba, wane ciwo? Wallahi babu wani ciwo, duk..."

"Kul. Kada ka ƙaryata 'yan'uwanka a ƙofata."

Maharazu ya ji motsin naɗe tabarma. Ta bakin zaure ya hango tsohon ya saɓa ta a kafaɗa, ya sunkuya ya ɗauki akushinsa, bai ce "ga nawa" ba, ya shige gida. A lokacin ƙafafun Maharazu sun so su miƙe. Taku kaɗan ne. Zai iya cewa ya warke, maganin ya yi aiki, a mai da tabarma. Sai ya tuna buhun bayan ƙofa ya kusa kai wuya, ya tuna shaidun da suka zauna a shagon Alhaji. Ya ci gaba da zama har aka kira isha'i.

* * *

Sakinatu ba ta nemi izninsa ba. Washegari ta zuba tuwo a ƙaramin kwano, ta sa hijabi ta tsallaka hanya. Ba ta jima ba ta dawo, ta ajiye kwanon a gabansa a rufe kamar yadda ta fita da shi.

"Ya sa mini albarka har sai da na ji kunya. Ya ce yanzu ya cire hannu daga abinci, in kawo wa jikokinsa, wato yaranmu."

"To kin gani, yana da abin da yake ci."

"Murhunsa ko toka mai ɗumi babu, Malam. Na duba. Ba zai karɓa a zaure ba, ba zai karɓa a ɗaki ba. A kan tabarma kaɗai yake ci, kuma sai da maza. Kai ka fi ni sani."

"Kaka ta kusa."

"Kai kake ganin kusanta."

Marka ta shigo. Sama ta rufe, ruwa ya riƙa zuba ba ƙarfi ba tsayawa, katangu suna jiƙa suna zubewa. Lokacin ne rumbuna ke amsa kuwwa, masarar gona kuma ta yi kore shar tana yi wa mai yunwa kwalele. Buhun bayan ƙofa ya cika, an kai shi Dayi, an kafa wani. Baba Awaisu bai fasa zuwa masallaci ba, sai dai ya koma yin sallah a zaune, rigarsa kuma ta yi masa yawa. Kowa ya gani. Kowa ya ce tsufa ne.

Wata safiya Maharazu na kan hanyar gona ya tarar da shi a bakin hanya, a durƙushe cikin ciyawa, yana tsinkar ganyen tafasa yana zubawa a hularsa.

"Baba, ina kwana? Me za a yi da tafasa?"

"Lafiya lau. Akuyar Hussaini nake tsinko wa, ta saba da ni." Ya ɗago da ƙyar, ya dafa sandarsa. "Yaya cikin?"

"Da sauƙi, Baba. Sosai. Ina ganin da an fara karyar masara zan dawo. Mu duka za mu dawo."

Tsohon ya dube shi da idanun nan da suka yi fari-fari a gefe. Babu fushi a cikinsu, kuma wannan ya fi komai yi wa Maharazu nauyi.

"Kada ka yi gaggawa, ɗan Abdussamad. Irin ciwon nan na san shi, shi ya raba ni da gonata. Mai maganinsa a Funtuwa yake, kuma ba ya son jinkiri. Ka gama da shi tukuna. Gonar bakin rafi da ni aka yi mata shinge, ba na son in ga wani a cikinta."

Tsohon ya koma ga tafasarsa.

"Tafi, rana na yi. Ciyawa ba ta jira."

Ya tafi. A gona ya wuni yana aiki kamar wanda ake bi da bulala, yana duba goyon masara ɗaya bayan ɗaya, yana matsa su da yatsa ko sun fara ƙwari. Ruwa ne kawai a cikinsu, fari kamar nono.

* * *

Zazzaɓi ne ya kwantar da Baba Awaisu, irin wanda kowa ke yi da marka ya tashi. Shi bai tashi ba. Hussaini ne ya leƙa da ba a gan shi a sallar asuba ba, ya fito yana salati.

Da yake ba shi da ɗa, liman ya ce ɗan amininsa ya shiga wanka. Maharazu ya shiga ɗakin da bai taɓa shiga ba. Tabarmar ciyayya na jingine a kusurwa, igiyoyin da ba a saya ba na rataye a bango, a kan murhu kuma wata 'yar tukunya da dafaffen ganyen tafasa, ba gishiri ba ƙuli. Da ya sa hannu zai ɗaga tsohon, ya tattaro ƙarfi irin na ɗaga mutum, sai gawar ta taso masa kamar damin kara, har ya kusa faɗuwa baya. Liman ya dube shi, ya dubi Hussaini.

Ranar sadakar uku an sake shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Gida-gida aka fito da abinci, domin ba a son a ce unguwa ta kasa yi wa dattijonta sadaka. Malam Mahadi ya kawo waina. Daga gidan Maharazu aka fito da kwanon samira mai furanni, cike har baki, da mai a kai. Baƙi daga ƙauyukan kewaye suka ci suka ƙoshi, suka yaba da zumuncin mutanen wurin.

Hussaini ya zauna kusa da taubashinsa, ya dubi kwanukan, ya ce a hankali, "Ashe duk kun warke."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Tun daga ranar bai sake yi wa Maharazu wasa ba. Gaisuwa kawai, cikin ladabi, kamar baƙo.

A makon ne aka fara gasa sabuwar masara a bakin hanya.

* * *

Kaka ta yi kyau. Maharazu ya ɗauki hayar mota, ya bi buhunansa har Funtuwa. Shagon Alhaji Almustapha dogo ne kamar masallacin Juma'a, buhuna sun kai rufi. 'Yan dako suna shiga suna fita a guje, wani ma'aikaci na soka wa kowane buhu ƙarfe yana duba ƙwayar, abin da ya zubo ya watsar a ƙasa. Aka auna, aka lissafa, aka haɗa da abin da ya riƙa aikowa da damina. Aka kira shaidu, Alhaji ya faɗa a gabansu cewa babu sauran komai tsakaninsa da Maharazu, gona ta koma hannun mai ita.

"Ku dube shi da kyau," in ji Alhaji, yana nuna shi ga wasu manoma da ke tsugune suna jiran a saurare su. "Ga mutumin da ya san mutunci. Ni fa taimako nake yi, amma sai ka ga mutum ya ci kayanka yana kawo maka labarin tsutsa. Malam Maharazu, gaya musu, yaya ka yi?"

"Mun ɗan rage ciki, Alhaji."

"Kun ji ko? Tsari! Gida in babu tsari ba ya ci gaba. Kuma ga shi nan da ransa, babu wanda ya mutu." Ya yi dariya, ya sa aka kawo masa lemon kwalba mai sanyi. "Baɗi in Allah ya kai mu, kada ka je wurin kowa. Takinka na nan, ko nawa kake so."

Maharazu ya yi godiya. Ya fita ya tsaya a inuwar shagon yana jiran motar Dayi, lemon a hannunsa bai buɗe ba. Ya jira ya ji sauƙin da ya yi ta hasashe tun farkon damina, irin na wanda aka sauke wa kaya. Bai zo ba.

Rana ta karkata, ciniki ya lafa. Wani ɗan dako ya ɗauko tsintsiya ya fara share bakin shagon, yana tattara masarar da ta zube daga sukar ƙarfe da ɓullin buhuna tun safe, haɗe da ƙasa da zare. Ya tara ta tsibi guda. Watannin nan sun mai da idon Maharazu kwanon awo, ba ya ganin hatsi bai auna ba. Ya auna tsibin ba da son ransa ba. Ya kai duk abin da ya tara daga kwanon waje, tun daga huɗa har ranar da aka kai tsohon makwanci. Ya ma ɗara.

Ɗan dakon ya kwashe a wani tsohon daro, ya zagaya gefen shagon inda Alhaji ke kiwon talo-talo a cikin waya, ya watsa musu. Suka taso a hankali, manya-manya, suna jan fikafikai. Suka ɗan tsattsaga nan da can, sannan suka juya suka koma inuwa, suka bar ta a ƙasa.

* * *

Nan labarin ya tsaya. Inda na yi kure a lafazi, ko na saɓa wa ƙa'idar rubutu, ko na faɗi wani abu na noma da awo ba yadda yake ba, ina roƙon masu karatu su gyara mini, Allah ya saka musu da alheri.